Bunsurun da ke jikin kwalbar Maibock: daga ina sunan ya fito?

Ɗan Zariya a Munik: Jama'a, jiya na bi ta gaban wata ƙaramar masana'antar giya a unguwarmu, sun kafa allo cewa Maibock ta bana ta fito. Ga hoton bunsuru tsaye da ƙafa biyu, ya rungumi kofi. Ni ba na sha, amma sunan ya tsaya mini. Bock a Jamusanci bunsuru ne, Mai kuma watan Mayu. Maƙwabcina ya ce don tana tunkuyi kamar bunsuru aka sa mata sunan, ƙarfinta kan kai kashi 7 cikin ɗari. Ni dai na yarda.

Ɗalibar Freising: Yaya, maƙwabcinka ya yi kuskure. Sunan gari ne, Einbeck, can arewacin Jamus, garin da giyarsa ta yi suna tun zamanin Hansa, tsohuwar ƙungiyar 'yan kasuwar biranen arewacin Turai. Sarakunan Bavariya, yankin da Munik take, sun gaji da sayowa da tsada, sai suka ɗauko gwani daga can, Elias Pichler, ya dafa irinta a Hofbräuhaus, masana'antar giyar fada a Munik, a 1614. Bakin mutanen Munik ya lanƙwasa Einbeck har ya koma Bock. Bunsurun daga baya ya shigo.

Baban Amira: To 'yata, in haka ne, masu dafa Maibock da ke kiranta "ta gargajiya" yaudara suke yi? Ba ta asali ba ce ke nan.

Ɗalibar Freising: A'a Baba, ban kai can ba. Ana dafa ta da sanyi, da irin yis ɗin da ke kwantawa a gindin tukunya, a bar ta makonni a ɗaki mai sanyi kafin Mayu. Wannan hanyar ta Bavariya ce, tsohuwa ƙwarai. A 1553 an taɓa hana dafa giya a can daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, saboda zafi na lalata ta. Masu ƙananan masana'antu da ke jiran waɗannan makonni, ba sa gaggawa, sun cancanci kalmar.

Ɗan Zariya a Munik: Na ji batun 1614. Amma shekara ɗari huɗu mutane na ganin bunsuru, suna kiran bunsuru. Wa ke tuna Einbeck in ya riƙe kwalba?

Baban Amira: Mutanen Einbeck mana. Har yau suna dafa tasu, da sunan garinsu a jiki.