Na samu gurbin karatu a Samaru, me ya kamata in sani kafin in tafi?

Autan Inna:
Assalamu alaikum yayyena. Cikin ikon Allah sunana ya fito a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, sashen Kemistiri. Ni ɗan Malumfashi ne, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa taka jami'a, shi ya sa na kawo kukana nan. Baba masara ya sayar ya haɗa mini kuɗin rijista, abin da ya rage a hannuna ba shi da yawa.

Abu biyu ke damuna. Wani abokina ya ce aji ɗaya ba a takura kai, wai maimaicin karatun sakandare ne, sai an shiga aji biyu ake ɗaura ɗamara. Gaskiya ne? Sannan wanne ya fi wa mai ƙaramin ƙarfi, hostal ko kama haya a cikin garin Samaru? Don Allah a taimaka mini kamar ƙaninku.

Tsohon Ɗan Suleiman:
Wa alaikumus salam. Barka ƙanena, Allah ya sanya albarka, ya saka wa Baba da alheri.

Maganar abokinka kada ka ɗauke ta, ita ce ta kayar da yara da yawa masu ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne za ka ga abubuwan da ka sani a lissafi da fiziks da kemistiri, amma gudun da ake yi da su daban ne. Abin da kuka yi zango guda kuna yi a sakandare, lakcara zai gama shi cikin lakca biyu ya wuce, ba zai tsaya tambayar wa bai gane ba.

Bari in buga maka lissafin ka gani da idonka. Maki 70 zuwa sama shi ne A, yana da daraja 5. Daga 60 B ne mai 4, daga 50 C mai 3, haka har ƙasa da 40 wanda shi ne faɗuwa, ba ka da komai. Ana ninka darajar da nauyin kwas ɗin, a tara duka, a raba da jimillar nauyin kwasa-kwasan, shi ne CGPA ɗinka, wato matsakaicin sakamakonka, kuma tun daga zangon farko ake fara tarawa. A ce ka gama aji ɗaya da 2.0, kana son fita da 3.5, wato digiri mai mataki na biyu na sama. In nauyin shekarun ya zo daidai, sai ka riƙa cin 4.0 a duk shekaru ukun da suka rage, a lokacin da kwasa-kwasan suka fi tauri. Wanda kuwa ya kama 4.0 tun aji ɗaya, ko ya ɗan yi tuntuɓe a gaba yana da abin dafawa. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe.

Kuma kada ka raina GENS, wato darussan gama-gari, don ba na sashenku ba ne. A nan ake tara maki cikin sauƙi, a nan kuma wasu ke kwaso kariyoba, wato maimaita kwas ɗin da aka faɗi, saboda raini.

Batun masauki, nemi hostal da zarar an buɗe shafin nema a intanet, don gadajen ba sa jira. Akenzua, Ɗanfodiyo, duk wanda ka samu ka riƙe. Ga aji kusa, ga laburaren Kashim Ibrahim, ba kuɗin mota.

Uwar Biyu:
Auta, ni ta ciki zan yi maka, don mai jin yunwa ba ya gane lakca. A hostal ɗin Amina na zauna, na ga yadda kuɗin ɗalibi ke narkewa a wajen masu sayar da abinci. Kafin ka taso ka sa Inna ta haɗa maka garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, man gyaɗa, daddawa, kuka da busasshiyar kuɓewa. Shinkafa da wake ka auno daga gida, sun fi araha a wajenku. In ba ka iya girki ba, ka tsaya kusa da ita a madafi kwanakin nan, ba abin kunya ba ne. Ƙaramar tukunya biyu, bokiti, da kwaɗo mai kyau na akwatinka.

Kada ka manta bargo da rigar sanyi. In hunturu ya kama a Samaru, wankan asuba sai mai ƙarfin hali. Kuɗin kuma ka raba su mako-mako, kada ka bari zumuɗin makon farko ya cinye na wata.

Mai Aji Uku:
Na yarda da yayanmu, sai dai ina tsoron kada a firgita yaron ya koma daga ɗaki sai laburare. Jami'a da mutane ake cin ta. Ajin farko na kimiyya cike yake maƙil, don ɗaliban sassa da yawa ke haɗuwa a kwas ɗaya, wanda ya makara a baya zai tsaya, ba zai ji komai ba. Ka riƙa sammako, ka karɓi lambar wakilin ajinku, ka shiga zaurensu na WhatsApp, nan ake sanar da canjin ɗaki da ranar tes. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗaliban jiharku kan shirya wa sababbi darasin bita, kuma a wajen na gaba da kai za ka samu tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Za su kira ka jambito, wato sabon shiga, ka yi dariya kawai.

Tunda hannu ba ƙarfi, ka duba rancen NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashi, da aka fara bayarwa a 2024, ba ruwa a kansa. Amma bashi ne, ka yi shawara da Baba kafin ka cike.

Autan Inna:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Lissafin nan na 2.0 ya sa jikina ya yi sanyi, na tura wa abokin nawa ma. Anti, na fara koyon miyar kuka yau. Saura tambaya ɗaya: in ban samu gado ba fa?

Tsohon Ɗan Suleiman:
To sai ku haɗu ku biyu ko uku ku kama ɗaki kusa da ƙofar makaranta ku raba kuɗin. Kafin ka biya, ka je da kanka ka duba ruwa da wuta, ka kuma tambayi maƙwabta halin unguwar da dare.