Sunan mahaifina ya bambanta a BVN da NIN: ta ina zan fara gyara?

Mai tambaya, daga Zariya:
Assalamu alaikum. Mahaifina tsohon malamin firamare ne, kuma wata biyu ke nan bai iya cirar kuɗin fanshonsa ba, saboda a rajistar BVN (lambar tantance mai asusun banki) an rubuta sunansa "Mohammed", a NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) kuma "Muhammad", sannan shekarar haihuwarsa ta bambanta da shekara biyu. Sau uku ina kai shi ofis tun bayan sallar asuba, mu yi layi har azahar, a ƙarshe a ce mana babu netwok, mu dawo gobe. Dattijo ne mai ciwon ƙafa, kuma ganinsa a tsaye cikin rana yana matuƙar sosa mini rai. Wanne ya kamata a fara gyarawa?

Amsa ta farko, daga Kano:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ku fara tsayar da takarda guda wadda za ta zama madogara, kuma a ganina takardunsa na aiki ne suka fi cancanta, tunda da su aka lissafa fanshonsa. Daga nan ku je kotu ku yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, sannan a gyara duk rajistar da ta saɓa wa takardun aikin. Gyaran shekarar haihuwa ya fi na suna wahala, domin akan nemi shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Amsa ta biyu, daga Gusau:
Malam, ni da wasu matasan unguwarmu muna aikin sa kai ranar Asabar, muna taimaka wa tsofaffi da cike fom, kuma wannan matsalar ce muka fi cin karo da ita. Tushenta a fili yake. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da BVN a 2014, mutane sun faɗi sunayensu da baki, ma'aikaci ya rubuta yadda ya saba. Da aka wajabta haɗa NIN da layin waya a Disambar 2020, sai jama'a suka yi tururuwa, wani ma'aikacin dabam ya sake rubutawa yadda ya ga dama. Iyayenmu da yawa ba a yi musu takardar haihuwa ba, shekarun da hedimasta ya ƙiyasta ranar shiga makaranta su suka bi su har tsufa, wasu kuma sunan garinsu aka liƙa musu a madadin na mahaifi. Kwamfuta ba ta san Mamman da Muhammadu mutum ɗaya ba ne. Ina roƙonka kada ka ba 'yan bakin ƙofa kuɗi don su "sauƙaƙa" maka. Mun sha ganin wanda ya biya, aka ƙara masa wani kuskuren.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan fara zuwa kotu, in sha Allahu, kuma wannan karon zan tafi wa Baba da kujera.