Ba bazara ba ce: mu sama wa "spring" sunan Hausa

Jama'a, ina neman taimakonku kan wata kalma da ta tsaya mini a rai tun daren Juma'a.

Autanmu yana karatu a Abadin, can gaɓar teku a arewa maso gabashin Sukotland. Ya kira mu ta bidiyo bayan isha'i, muna zaune tsakar gida nan Mabera a Sakkwato, an ɗauke wuta, bango yana mayar mana da zafin da ya sha tun safe, Inna na ta fifita da mafici. Sai ga shi a allo cikin rigar sanyi mai hula, ya zuge ta har wuya, iska na bugun wayar har muryarsa tana yankewa. Agogonmu ɗaya da nasu a wannan lokaci na shekara, amma can ko rana ba ta faɗi ba, domin a ƙarshen Mayu sai bayan tara da rabi na dare suke yin magariba.

Inna ta tambaye shi wane yanayi suke ciki. Ya ce bazara. Nan take ta aje maficin. "Auta, mi ya same ka? Masassara kake yi?" Ya rantse lafiyarsa lau, ba ta yarda ba. Daren nan sau biyu tana tashe ni, wai in sake kiransa in ji ko ya sha magani.

Inna ba ta yi kuskure ba. Duk wanda ka gani ƙudundune cikin rigar sanyi da bazara, a Sakkwato, ba ya da lafiya. Bazara a wurinmu ita ce Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, a kwana waje, ruwan tanki ya yi zafin da ba ka iya alwala da shi. Su kuwa a Abadin, a watan Mayu zafin rana bai cika wuce wajen 13 ba. Abin da ya haɗa mu da su watan kalanda ne kawai. Auta ya faɗi abin da ya saba ji ne a rediyo da kafofin labarai, inda aka daɗe ana fassara "spring", wato lokacin da ke biyo bayan sanyi a ƙasashensu, da bazara, kuma ni ina ganin wannan fassara ta isa a sauke ta.

Ku tuna Suratu Ƙuraish. Idan malamanmu suka zo kan shita'i da saifi a tafsiri, hunturu da bazara suke cewa. Ke nan bazara tana da gurbinta tuntuni: lokacin tsananin zafi. Ba za mu ɗauke ta mu sake ɗora wa lokacin da yake tsakanin sanyi da zafi ba.

Tushen matsalar shi ne mu da ruwan sama muke raba shekara: damina, kaka, hunturu, bazara. Su da tsawon yini da ƙarfin rana suke raba tasu, saboda nisansu da tsakiyar duniya. Shi ya sa gurabun ba sa hawa kan juna.

Iskar da ke bugun wayar Auta ma abin tsayawa ce, don ita ta fi ruɗa mutane. Duk wanda ya taɓa zuwa bakin gulbin Rima da azahar ya sani: rairayi na ƙona tafin ƙafa, amma da ka tsoma ƙafar a ruwa sai ka ji sanyi. Ƙasa na saurin ɗaukar zafi, ruwa yana nawa. To haka tekun da ke gabashinsu take. Ta fi sanyi wajen Fabrairu da Maris, ba ta kai ƙarshen ɗuminta sai Agusta, don haka a watan Mayu tana nan riƙe da sanyin da ta kwaso. Rana ta ɗumama tudu, iskar da ke kansa ta yi sama, sai mai sanyi ta kwararo daga teku ta cike gurbin. Mutum yana ganin rana tarwai, furanni sun buɗe, amma haƙoransa na haɗuwa. Wannan ba hunturu ba ce. Hunturu busasshiya ce, daga Sahara take zuwa da ƙura, ta fasa leɓe da diddige. Tasu jiƙaƙƙiya ce, tana ɗanɗanon gishiri, in ji Auta, kuma wanki ya wuni a igiya bai bushe ba.

Shawarata ita ce mu kira lokacin da tofo, ko toho yadda muke faɗi a nan. Itatuwansu suna kakkaɓe ganye tas da sanyi, su tsaya tsirara wata da watanni, sannan su yi toho gaba ɗaya. Abin da ido ke gani ke nan. Lokacin toho, farkon toho, ƙarshen toho. Me kuka gani?

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku. Na gode ƙwarai, ban zaci abin zai taru haka ba.

Masu cewa "bazarar Turai", na fahimce ku, amma har yanzu kunne bazara zai fara ji, kuma akwai wannan lokaci a Sin da Japan da Amurka. Wani ɗan'uwa daga Wurno ya ce mu ari rabi'i daga Larabci. Asalinsa daidai ne, sai dai Bahaushe ya ji Rabi'i, watan Maulidi zai tuna, shi kuwa watan zagaya shekara yake yi, yau ya faɗo da damina, bayan wasu shekaru da hunturu.

Gyaran da ya fi kama ni daga wata baba ya fito, wadda ta rubuta cewa: "Ɗana, ai mu ma itatuwanmu suna toho kafin ruwan fari." Gaskiya ne, Baba, na karɓa. Amma ba mu taɓa kiran wani yanki na shekararmu da toho ba, don haka sunan babu mai shi, ba zai yi karo da kowa ba. In ana tsoron ruɗani, a karon farko sai a ce "lokacin toho na ƙasashen sanyi", daga nan a ci gaba da toho kawai.

Kan iskar kuwa bakinmu ya zo ɗaya: iskar teku, sanyinta kuma sanyin teku.

Jiya Auta ya sake kira. Na ce wa Inna ƙarshen toho suke ciki, iskar teku ce ke kaɗawa. Ta ce, "To, shi riƙa rufe ƙirjinai," ta koma kan lazuminta.

Saura guda. Akwai wani farin abu da ke tasowa daga tekun ya lulluɓe garin, mutanen can suna ce masa "haar". Na so in ce hazo, amma hazonmu ƙura ce, nasu ruwa ne. Hazon ruwa zai yi, ko akwai wadda ta fi ta a bakin Sarkawa masunta?