Tankin murjani na lita 60: wace fitila, wace matata?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tankin gilashi ne na ruwan gishiri don rainon murjani mai rai, lita 60, tsawonsa santimita 60, zurfinsa 35. Murjani masu laushi kawai za su shiga: Zoanthus, Discosoma mai kama da ƙaramar lema, da Sarcophyton guda ɗaya. Wanda ya riƙe irinsa ya taimaka mana da bayanin fitila da tace ruwa, musamman a garin da ake rana kuma wuta ba ta zama.

Injiniya: Wa alaikumus salam Baban Amira. A cikin naman murjani akwai wata gansakuka mai ƙanƙanta da ido ba ya gani, ita ke sarrafa haske ta ciyar da shi. Idan haske ya yi mata yawa, murjanin sai ya fitar da ita ya koɗe ya yi fari. Na fi ganin wannan a ƙananan tankuna fiye da ƙarancin haske, domin ruwan ba zurfi, fitilun LED na yanzu kuma ƙarfi gare su.

Fitila mai wat 25 zuwa 40 ta wadatar, amma lallai wadda ake rage mata ƙarfi, shuɗi da fari kowanne da layinsa. A rataya ta santimita 20 zuwa 25 saman ruwa. Shuɗin, wajen nanomita 450, shi ne mai aikin. Farin galibi don idonka ne, yawansa kuma gansakuka yake haifarwa a jikin gilashi. A ma'aunin PAR, wato yawan hasken da gansakukar ke iya amfani da shi, Discosoma na son 50 zuwa 80, sai a ajiye shi ƙasa ko gefen dutse. Zoanthus a tsakiya, Sarcophyton can sama inda ake samun 100 zuwa 150. Fara da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin fitilar, ka riƙa ƙara kashi 5 kowane mako. Awa 8 zuwa 9 a rana, a kan agogo mai kunnawa da kashewa da kansa. Ka lura da Discosoma: in ya takure ya manne da dutse, haske ya yi yawa, in ya miƙe ya yi kamar mazurari, nema yake a ƙara.

Maman Khalifa: Ni a ɓangaren tacewa zan tsaya. Babbar matata ita ce dutsen kansa, mai ramuka, kilo 5 zuwa 6 a lita 60, a jera shi yadda ruwa zai ratsa ta bayansa. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikinsa su ke mai da amoniya, gubar da datti ke fitarwa, naitirait, naitirait kuma naitiret mai ƙarancin illa. Kafin wannan ya kankama sai an yi mako 4 zuwa 6, fitila a kashe. Gwajin shi ne a ɗiga amoniya ta kai 2 ppm, wato kashi biyu cikin miliyan. Idan cikin awa 24 ita da naitirait suka koma sifili, tanki ya nuna. Wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta lulluɓe yashi da dutse a makonnin farko bayan kunna fitila, kada hankali ya tashi, tana wucewa.

A akwatin matata na baya, audugar tacewa a sama, a jefar da ita duk kwana 3 ko 4. Soson da ake bari wata guda shi ne masana'antar naitiret, datti yana ruɓewa a ciki ruwa na bi ta kansa. Ƙarƙashin audugar jakar gawayin tace ruwa, cokali biyu na cin abinci, a ɗauraye kafin a saka, a canza duk wata. Da Sarcophyton a tanki gawayi dole ne, domin yana sakin sinadarin da ke hana maƙwabtansa sakewa. Famfon kaɗa ruwa ya juya lita 600 zuwa 1,200 a awa, kada a saita bakinsa kai tsaye kan murjani.

Ɗan Damagaram: Hajiya ta gama magana, sai dai ruwan da ake zubawa shi ne tushe. Ruwan famfo da na burtsatse ba sa yi, na leda ma ba a san abin da ke cikinsa ba. Sai na RO/DI, wato ruwan da na'ura ta tace tsaf, wanda mitar TDS mai auna abin da ya narke a ruwa ta nuna sifili. Gishirin tankin murjani ake sa wa, ba na miya ba, gram 36 zuwa 40 a lita gwargwadon kamfani, har rifraktomita, na'urar auna gishirin ruwa, ta nuna 1.025 ko 1.026. A kwaɓa a bokiti da ƙaramin famfo, ya kwana. A canza lita 6 na ruwan tankin da shi duk mako.

Inda ake faɗuwa a ƙasarmu shi ne zafi. Ana son ruwa tsakanin digiri 24 da 26, a watan Afrilu kuwa ɗaki na iya kai shi 31. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana sauke digiri 2 zuwa 3, a busasshiyar iska ma fiye, amma ruwan da ke ƙafewa zai kai lita 1 zuwa 2 a rana. Gishiri ba ya ƙafewa. Bayan dutse da yashi ainihin ruwan bai wuce lita 50 ba, don haka rasa lita 6 cikin kwana uku ya ɗaga gishiri daga kashi 35 cikin dubu zuwa kusan 40. Ciko da ruwan RO zalla ake yi, kullum, har layin da aka zana a gilashi. Da hunturu kuma hita mai wat 50 da murfi saboda ƙura.

Baban Amira: Na gode. To sikima fa, wannan mai fitar da kumfa? Wasu sun ce ba ta da makawa.

Malam na Fagge: A lita 60, ko da ka sa kifi biyu, ba ka buƙatarta, canjin ruwa na mako ya ɗauke aikinta. Masu laushi ba sa son ruwan da aka tace ƙarƙaf. Naitiret 5 zuwa 10 ppm, fosfet 0.03 zuwa 0.1 ppm, a nan suke ƙiba. Aka haɗa sikima da maganin cire fosfet suka koma sifili, Zoanthus sai ya ƙanƙance, sannan wata majina mai ruwan ƙasa da ƙananan kumfa ta mamaye yashi, kawar da ita kuwa aiki ne na watanni. Alkalinitin, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, ya tsaya a 8 a ma'auninsa na dKH, a gwada duk mako biyu.

Sarcophyton kan rufe na kwana 3 zuwa mako, fatarsa ta yi sheƙi kamar an shafa kakin zuma, sannan ya saɓule ta. Lafiyarsa ƙalau; a ɗan ƙara masa motsin ruwa, a tsince saɓar, kada a taɓa fitila. Kuma don Allah, wasu Zoanthus da Palythoa na ɗauke da guba mai tsanani, palitoksin. Safar hannu da tabarau in za a taɓa, kada a tafasa dutsensu ko a goge shi a busashe, yara su yi nesa da bokitin.

Injiniya: Saura maganar wuta. Murjani zai jure kwana biyu ko uku ba fitila, amma ruwa ya tsaya cik na 'yan awanni iskar cikinsa ta ragu, kifi su fara haki a sama. Famfon kaɗa ruwa wat 5 zuwa 10 kawai yake ci, shi za a fara ɗorawa kan inbata, sai fanka, fitila a ƙarshe. A ajiye famfon iska mai batir a kusa, da gorar ruwa biyu a firiza, a rufe da kyau, don jefawa cikin tankin in zafin ya haura 29.