Me za mu kira Ben Ainslie da Hausa?

Mai tambaya:
Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta taƙaitaccen tarihin wani ɗan wasan Ingila, Ben Ainslie, amma na cije tun a jimlar farko. Sana'arsa tsere ce a kan teku, da jirgin da ba shi da inji, ba gora, ba filafili. Iska ce ke tafiyar da shi ta hanyar wani babban ƙyalle da aka ɗaure a jikin doguwar sanda. Mutumin ya ci lambobin Olamfik biyar a jere: azurfa a 1996 yana ɗan shekara 19, sannan zinare a 2000, 2004, 2008 da 2012. Na rubuta "matuƙin jirgin ruwa", na karanta wa ƙanena, sai ya ɗauka mai fito ne ko kyaftin ɗin jirgin dakon kaya. Kalma uku nake nema: sunan ƙyallen, sunan wasan, da sunan mai yin sa.

Dattijo daga Yawuri:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kalmar gasar kam muna da ita, kada ka wahalar da kanka. A nan Yawuri muna da bikin Rigata a kan kogin Neja, inda ake tseren jirage da sauran wasannin ruwa. Daga bakin Turawa ta shigo, amma ta zauna daram, wataƙila don ta yi kama da namu "riga" da "rige-rige". Sai dai jiragenmu da ƙarfin damtse suke tafiya. Saboda haka rigata ta ba ka taron, ba ta ba ka irin jirgin ba. Ƙyallen kuwa na ji masu karatu suna ce masa filafili.

Mai tambaya:
Na gode, Baba. Na karɓi rigata hannu biyu. Filafili ne nake shakka. Idan na ce "tseren jiragen filafili", ku da kanku me za ku fara hangowa?

Dattijo daga Yawuri:
Samari a kwalekwale suna sheƙa tuƙi. Ka yi gaskiya, kuma wannan ma wasa ne daban a Olamfik.

Wani ɗan'uwa daga Sudan:
Mu nan bakin Nilu muna ganin irin jiragen, kuma da Larabci muke kiran ƙyallen, shira'i. Hausa ta ari kalmomin Larabci da ba su ƙirguwa, me zai hana ta ƙara wannan?

Malamar Hausa:
Ɗan'uwa, aro ba laifi ba ne, amma alƙali da littafi da sabulu sun shigo ne tare da abin da suke nufi, mutane suna gani suna taɓawa. Bakano ko Badamagare bai taɓa ganin shira'i ba, sai an sake yi masa bayani, ga shi kuma kunne zai iya kai shi wajen shari'a. Na ga wasu suna rubuta "jirgin iska". Wannan ma ban so shi ba. Muna da jirgin sama, jirgin ƙasa, jirgin ruwa, kowanne da sunan inda yake bi, don haka mai ji zai zaci a cikin iska yake tashi. Kuma kun san abin da zai faru da zarar an sa "ɗan" a gaban kalmar.

Shawarata mu bi hanyar da Hausa ta saba ƙera suna, wato aikatau da abin da ya faɗa wa: dafa-duka, hana-salla, fasa-ƙwauri, ci-rani. Mu ce kama-iska.

Mai tambaya:
Malama, me ya sa ba tare-iska ko sha-iska ba?

Malamar Hausa:
Shan iska hutawa ne. "Jirgin shan iska" ya dace da na attajirai masu yawon buɗe ido, a bar musu shi. Tare-iska kuwa rabin aikin ya faɗa. Idan iska na bayan jirgi, gaskiya ne ƙyallen tare ta yake yi ta tura shi. Amma gwanintar wasan tana wajen tafiya ta inda iskar ke fitowa. Jirgin ba ya iya fuskantarta kai tsaye, sai ya karkace kamar digiri 45, ya yi dama, ya juya hagu, yana saƙa hanya har ya kai tuta. A lokacin ƙyallen aikin fiffike yake yi: iska na bi ta gefensa biyu tana jan sa gaba, wani allo da ke ƙarƙashin jirgin kuma yana hana shi zamewa gefe. Wannan kamu ne da sarrafawa, ba tarewa ba.

Ka duba abin da ya faru a Sidni a 2000. Robert Scheidt na Brazil, wanda ya doke Ainslie a 1996, shi ne a gaba da maki kafin tseren ƙarshe. Ainslie bai nemi zuwa na ɗaya a wannan tseren ba. Manne wa Scheidt ya yi, yana shiga tsakaninsa da iska, yana hana kama-iskarsa cika, har ya mayar da shi can bayan ayari, zinaren ya zama na Ainslie. Ka ga yadda kalmar ta ba ni damar ba da labarin ba tare da na tsaya fassara ba.

Wani ɗan'uwa daga Sudan:
Na sallama, Malama, ko da yake mu a gida shira'i za mu ci gaba da cewa. To mutumin fa? Matuƙin kama-iska?

Mai tambaya:
Nan ne nake da ja, kuma tarihin nasa ne ya sa. A Olamfik shi kaɗai ne a jirgi, da farko samfurin Laser mai tsawon mita huɗu da 'yan kai, daga baya Finn wanda ya fi shi girman kama-iska, har sai da ya ƙara nauyin jiki don ya iya danne shi. A can matuƙi ne, babu musu. Amma a 2013, a gasar Kofin Amurka da aka faro tun 1851, ƙungiyar Oracle ta Amurka ta sa shi cikin jirginta a San Faransisko bayan New Zealand ta yi musu nisa. Ba shi ke riƙe da sitiyari ba, Jimmy Spithill ne. Aikin Ainslie shi ne duban ruwa da iska da abokin hamayya, ya ce a juya yanzu ko a dakata. An kai 8 da 1 New Zealand na gaba, saura tsere ɗaya a gama da su, 'yan Oracle suka ci takwas a jere, aka tashi 9 da 8. Idan na kira shi matuƙi a wannan babi na yi ƙarya, kuma na cire duk masu jan igiya da masu murɗa na'ura daga cikin wasan.

Malamar Hausa:
Hujjarka ta fi tawa a nan. Mu yi kamar yadda muke yi a ƙwallo: ɗan ƙwallo sunan kowa ne, gola kuma matsayi. Ɗan tseren kama-iska ya zama sunan sana'ar, jam'i 'yan tseren kama-iska, mace 'yar tseren kama-iska. Matuƙi ya tsaya ga mai riƙe da akalar jirgin kaɗai.

Dattijo daga Yawuri:
Ya ɗan yi tsawo, amma baki zai gutsure shi da kansa. Ina jin ɗan kama-iska za a ƙare da cewa. Ɗana, gwada mana a jimla mu ji.

Mai tambaya:
To, Baba, ga farkon rubutun: "An haifi Ben Ainslie, shahararren ɗan tseren kama-iska na Ingila, a 1977. Ya koyi sarrafa jirgin kama-iska tun yana yaro a gaɓar Cornwall. A rigatar Olamfik ta 2012 a Weymouth, Jonas Høgh-Christensen na Denmark ya riga shi a tsere shida na farko, amma Ainslie ya kamo shi, ya ɗauki zinarensa na huɗu. A 2024 a Basalona, yana ɗaya daga cikin matuƙa biyu da suka kai jirgin Birtaniya karon ƙarshe na Kofin Amurka, karo na farko cikin shekara 60, inda New Zealand ta yi nasara da 7 da 2."

Na sake karanta wa ƙanena. Tambaya ɗaya ya yi, wai mene ne kama-iska, da na nuna masa hoto sai ya ce ai sunan ya faɗi kansa. Saura matsayin da Ainslie ya riƙe a 2013. Na sa "mai duban iska" na wucin gadi. Malama, Baba, ina jiran naku.