Wiki ɗin ofis, me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a a taimaka min don Allah. A wurin aikinmu muna da wani shafi da muke zuba komai a ciki, yadda ake amsa wa kwastoma, wa za a kira in intanet ta ɗauke, yadda ake sa wa fayil suna, kowa na iya shiga ya gyara, kuma sabon ma'aikaci in ya zo shi muke fara tura masa. Wiki muke ce masa. To jiya na ce wa sabuwar da muka ɗauka ta duba wiki sai ta ce Oga wane satin? 😂

— Ai tana da gaskiya, kalmar ma ba Turanci ba ce, daga yaren Hawai Ward Cunningham, wanda ya ƙirƙiro wiki na farko, ya aro ta a 1995, ma'anarta sauri-sauri. Ku ce littafin jagora kawai.

— Malam littafi ai an gama shi an buga an ɗinke, wannan kuwa kullum cikin canji yake, yau a ƙara gobe a goge. Ni kundi ya fi kwanta min. Ka tuna kundin malaman zaure, warwara ne ba ɗinki, in malam ya samu sabuwar fa'ida sai ya rubuta ya cusa a tsakiya, shekara talatin yana kumbura.

— Kundin malam da ko babban ɗansa ba ya taɓawa sai bayan ransa? Wannan fa na kowa ne, kamfanin GitLab ma nasu a buɗe yake a intanet duk duniya na karantawa.

— To a ce kundin gayya mana, kamar noman gayya, kowa da fartanyarsa.

— Hajiya kin kawo ta, amma a rubuce wani zai karanta shi kamar an yi shi da gayya don a ƙuntata wa sabbin zuwa, kuma wallahi wani in ka ga tsawonsa haka za ka zata.

— Wanda ya taɓa zuwa gayya ba zai rikice ba. Kuma ya fito da matsalar ma, wasu tuwon gayyar kawai suke zuwa ci, namu shafin wata 8 ba wanda ya taɓa shi, lambar wanda ya bar aiki tun bara tana nan.

Na gode jama'a, kundin gayya na ɗauka, na riga na canza sunan. Ita sabuwar na ce ta fara da gyara abin da ta tarar ba daidai ba, kafin azahar ta samo guda 6.