Yawon keke a Japan: shin kantunan bakin hanya za su riƙe mutum?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Japan zai zagaya tsibirin Hokkaido da keke, yana kwana a tanti. Ya ce ba zai ɗauki risho ba, kantunan da suke kira konbini sun ishe shi. Masana, haka ne?

Na Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Malam. A birane da manyan hanyoyi, e. 7-Eleven da Lawson da FamilyMart galibinsu ba sa rufewa dare da rana. Akwai banɗaki, da ruwan zafi, kuma za su ɗumama maka abinci. Na'urar cirar kuɗi ta 7-Eleven tana karɓar katin ƙasar waje. Amma ƙauyukan Hokkaido daban ne. Can Seicomart ya fi yawa, kuma da yawansu suna rufewa da dare. A gaɓar tekun arewa sai ka yi tafiya mai nisa ba kanti, ga iska tana tura ka baya, tafiyar awa 3 ta koma 5. Kada ya bar kanti sai da lita 2 ta ruwa da abincin dare da na safe a jaka.

Hajiyar Arkilla:
Ɗana, abin da ya fi damuna shi ne halal. Ƙanenka ya haddace wannan alama: 豚, alade ke nan. To amma doka ba ta tilasta rubuta alade a jerin gargaɗin abincin da jikin wasu ba ya ɗauka da ke jikin leda ba, shawara ce kawai, don haka ya karanta dukan kayan haɗin da manhajar fassara ta waya. Taliyar kofi yawanci da romon alade ake haɗa ta ko da hoton kifi ne a kai. Burodi kan zo da kitsen alade, yogot da alewa kan zo da jalatin (abin daskarar da abinci da ake yi da fata ko ƙashin dabba, har da alade), miyarsu kuma ana zuba mata mirin, wata giyar girki. Abin da ya fi aminci: dafaffen ƙwai, ayaba, madara, gyaɗa, da dunƙulen shinkafa na onigiri mai gishiri zalla. Dunƙule ɗaya bai wuce tafin hannu ba, mai tuƙa keke yini guda ba zai ƙoshi da biyu ba. Shi ya sa nake ganin barin risho kuskure ne. Kuma kada ku aika masa kilishi, Japan ta hana shigar da nama, ko busasshe ne.

Bakaniken Kasuwar Daji:
Hajiya ta yi gaskiya. In zai sayi risho, ya zaɓi mai cin doguwar gwangwanin gas ta gida, ita ake samu ko'ina. Gajerar mai bakin murɗawa sai shagon kayan zango, kuma bakinsu ba ya shiga na juna. Tif da faci da famfo ya riƙe nasa, konbini ba ya sayar da tif ɗin keken tafiya.

Kada ya kafa tanti a filin ajiye motocin kanti. Hokkaido na da filayen zango na hukuma masu arha, wasu ma kyauta. Akwai beyar, wata babbar dabba mai haɗari, a dajin, saboda haka abinci da ledar da aka ci a ciki ba sa kwana cikin tanti. Sharar ya ƙulle ta ya tafi da ita, don filayen zango da yawa ba su da kwandon shara.